Yadda Kafet Ɗin Aro Ya Cinye Mana Tallafin Wuta

Zuwa ga mai girma, mai daraja, mai tausayin da labarinsa ya cika gidajen rediyo, Shugaban Gidauniyar Fitilar Marasa Ƙarfi, a ofishinsa mai sanyi wanda ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina kuma gaida ma'aikatanka baki ɗaya, musamman biyun nan da suka ci kazarmu. Ina fatan ta zauna musu lafiya.

Sunana Umar Modu. Wankin hula nake yi a bakin lungunmu, a Soron Ɗinki. Asalinmu Borno ne, kakan kakanmu ya zo Kano neman karatu, garin ya yi masa daɗi ya ƙi komawa. Abin da ya rage mana na can bai wuce gaisuwa ba, da turaren wuta, da wani ɗan girman kai da ba ya cutar da kowa sai mu. Gida ɗaya nake da yayata Aisa, wadda duk unguwa ke kira Ya Aisa. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da mijinta ya rasu ta dawo gida muka ci gaba da zama. Tana da ciwon suga, allura take yi safe da yamma, kuma maganin allurar ba ya jure zafi. Saboda shi kaɗai muke da ɗan ƙaramin firij a ƙuryar ɗakinta, saboda shi kaɗai kuma wutar lantarki ta zama mana dole. Ni dai da dutsen guga na gawayi nake sana'ata, duhu kuma bai taɓa hana ni barci ba.

Na so in kawo maka wannan kuka baki da baki. Na zo ofis, mai gadi ya ce kana taro a kan hanyoyin kusantar talakawa, kuma ba a son a dame ku. Na ga bai kamata in katse aiki mai muhimmanci haka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ranar da aka sanar a rediyo cewa gidauniyarku za ta biya wa gidaje marasa ƙarfi kuɗin wuta na shekara guda, sai da na ajiye hular da nake gogewa na ɗaga hannu na yi muku addu'a. Bil ya taru mana, masu wuta sun yi gargaɗi har sun gaji. Mai unguwarmu, Allah ya saka masa, da kansa ya ba da sunan gidanmu ba tare da ya tambaye mu ba, don ya san in ya tambaya cewa za mu yi lafiya ƙalau muke. Daga nan komai ya tafi daidai har zuwa lokacin da kuka fara aiki. Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Kun aiko cewa kuna nan tafe.

Ranka ya daɗe, wa ya ba ku wannan shawara? Mai unguwa ya turo a gaya mana cewa ranar Laraba za mu yi baƙi daga gidauniya. Daga jin kalmar baƙi Ya Aisa ta miƙe ta ɗaura ɗankwali. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla cewa waɗannan baƙin rashi suka zo gani, don haka a bar gida yadda yake, in ma da hali a ɗan ƙara masa tsufa. Ta kalle ni irin kallon da take min tun ina ɗan makarantar allo, ta ce, "Umaru, a gidan Modu ba a taɓa zaunar da baƙo a kan yagaggiyar tabarma ba, kuma ba a kaina za a fara ba." Wanda ya goya mutum a bayansa ba a yi masa gardama mai tsawo, sai na ƙyale ta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Alhaji Mikail, babban ɗan kasuwa a Kurmi, mai sayar da kayan fata. Matarsa Hajiya Turai aminiyar Ya Aisa ce tun suna amare. A al'adar lungunmu, in wani zai yi suna, ko biki, ko tarbar alhazai, kayan maƙwabta nasa ne har a watse, kuma ba wanda zai taɓa cewa ai wancan abin nawa ne. To haka aka yi. Kafin azahar ta Talata an kwashe ɗakin baƙin Alhaji Mikail tas an zuba a namu. Kafet mai laushin da ƙafa ke nutsewa, da kujeru, da labule, da fanka mai tsayuwa, da kofunan tangaran, da agogon bango, da talabijin wadda ba mu ma da inda za mu jona ta, aka dai ɗora ta a kan tebur aka lulluɓa mata farin ƙyalle. Ya Aisa ta buɗe ƙasan akwati ta ciro turaren wutan da take ajiya na fita kunya, ta ciro lafayar da rabonta da ita tun bikin 'yar ƙanwar mijinta. Kazarmu ɗaya ce, mai ƙwai, kuma ƙwanta ne karin kumallon Ya Aisa tunda likita ya hana ta koko mai suga. Ni na yanka ta, ina yi ina ba ta haƙuri a zuci.

Da kun zo babu sanarwa, da kun same mu yadda Allah ya ajiye mu. Amma kuka ba mu kwanaki na shiri, kamar masu zuwa neman aure.

Na biyu. Ma'aikatanku sun yarda da abin da idonsu ya gani da abin da bakinmu ya faɗa.

Su biyu suka zo, Malam Abdulhakeem da Malama Sadiya, yara masu ladabi, ba ni da abin cewa a kan tarbiyyarsu. Suka cire takalmi, suka taka kafet, na ga Malam Abdulhakeem ya ɗan ƙara danna ƙafarsa a ciki don ya tabbatar da laushin. Aka kunna musu fanka, aka yi sa'a ranar akwai wuta. Aka kawo burabusko da miyar kaza. Suka ce sun ƙoshi, Ya Aisa ta ce ba a yi mata haka, suka ci har da ƙari.

Sannan Malam Abdulhakeem ya ciro wayarsa mai faɗin allo ya fara tambayoyi. Ya ce ko muna samun matsala wajen biyan kuɗin wuta. Ya Aisa ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan, muna cikin rufin asirin Allah." Ya ce sau nawa muke cin nama a mako. Ta tura masa kwano ta ce ya ɗauki cinyar nan kada ta huce. Na buɗe baki zan yi magana, ta yi min wata harara ta gefen lafaya, sai na tsinci kaina ina tambayar Malama Sadiya ko a ƙaro ruwa.

Ranka ya daɗe, ko akwai ɗan birni ɗaya a cikin waɗanda suka tsara tambayoyin nan? A nan cikin ganuwa, wanda ya kwana da yunwa da wanda ya kwana a kan buhunan shinkafa, duk amsa ɗaya za su ba ka in ka tambaye su ya gida. Kowa ya san halin da kowa ke ciki, amma ba a faɗa, kuma ba a sa mutum ya faɗa. In ana son a san gaskiya, maƙwabci ake ja gefe a tambaya, shi ma sai an yi masa rantsuwa cewa maganar ba za ta fita ba. Malam Abdulhakeem ya ɗauki hoton fanka, ya ɗauki na talabijin. Bai ɗaga kai ya ga inda azara ta lanƙwasa tun damunar bara ba, don labulen Hajiya Turai ya fi azararmu ɗaukar ido. Ya ga firij ta ƙofar ɗaki, ya danna wani abu a wayarsa, ya ce ma sha Allah. Da ya buɗe shi da ya ga kwalin magani guda, sai kuma sanyi. Da za su tafi Malama Sadiya ta yaba ƙamshin turare, Ya Aisa ta juye mata sauran a takarda ta ce ba yawa.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Aka ce gidanmu yana cikin rukunin masu wadata, kuma gidauniya tana gode mana da karamci.

Na uku. Kun ba Alhaji Mikail.

Ga yadda aka yi. Da ma'aikatanku suka fita daga gidanmu, sai suka ga tsohon soron ƙasa na gidan Alhaji, wanda ya ƙi rushewa saboda kakansa ne ya gina shi. Ba sunan gidan a cikin waɗanda aka ba su, amma tausayi ya kama su, suka yi sallama. Alhaji yana kasuwa. Hajiya Turai ta sa aka buɗe musu ɗakin baƙi, tunda ba a shigar da baƙon namiji cikin gida. Me za su tarar? Daɓen siminti tsirara, da ƙusoshi a bango inda labule da agogo suke da, da sawun ƙafafun kujeru a ƙasa. Ko kofin da za a ba su ruwa sai na roba aka samo, don na kirkin suna gidanmu ba a ko wanke su ba tukuna.

Malam Abdulhakeem ya tambaye ta, tana daga bayan ƙofa, ina kayan ɗakin. To a nan ne, ranka ya daɗe, nake so ka tsaya ka duba matar nan. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke gidanta, ta ce suna maƙwabta an ara. Amma in ta faɗa ta tona asirin Ya Aisa a gaban baƙin da yanzu suka tashi daga kan kafet ɗin. Sai ta ce, "Haka muke zaune, Malam, mun gode Allah." Suka duba mitar gidan suka ga wutar da ake sha ba ta taka kara ta karya ba. Ba su san rufin gidan a shimfiɗe yake da faifan sola ba, don ba a hango shi daga lungu. An ce Malama Sadiya har da share ƙwalla, ga turarenmu a cikin jakarta.

Na huɗu. Allon ƙarfe da rediyo.

Na fahimci cewa masu ba ku kuɗi suna son ganin shaida. Amma dole ne sai an kafa wa mutum allo ruwan ɗorawa a ƙofar gida, mai cewa wannan gida na marasa ƙarfi ne kuma gidauniya ta share masa hawaye? Dole ne sai an karanta sunaye a rediyo, har da sunan uba da na unguwa, kuma a maimaita da yamma don waɗanda ba su ji da safe ba?

Alhaji Mikail a rumfarsa ya ji sunansa. Kafin la'asar 'yan kasuwa sun fara zuwa yi masa jaje, suna riƙe masa hannu suna cewa ashe abin ya kai haka bai faɗa ba. Masu ba shi fata a kan amana, ya sayar ya biya, suka fara cewa a ɗan dakata tukuna. Wani da bai taɓa kaiwa matsayin yaron shagonsa ba ya aiko masa da kwanon gero. Alhaji ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, ya shiga motarsa, ya zo ofishinku da kansa ya ce kuskure aka yi, shi ba mabuƙaci ba ne, a mayar da tallafin gidan da ke kusa da shi. Shi an bar shi ya shiga, wataƙila saboda motar.

Amsar da aka ba shi ita ce ta fi komai burge ni. Wani babban jami'inku ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya ji kunya, sun san halin mutanen cikin birni, akwai su da ɓoye talauci, wasu har aron riga da mota suke yi don kada a gane. Ya ce an horar da su musamman a kan wannan. Ashe kun san al'adar, ranka ya daɗe. Gida kawai kuka kuskure, da taku kaɗan. Aka ƙara masa da cewa kuɗin an riga an zuba su a mitarsa, kuma kwamfuta ba ta san komawa baya ba.

Na biyar. Kun raba mu da maƙwabcinmu.

Ba a daɗe ba masu wuta suka zo da tsani, suka cire wayar gidanmu, suka naɗe ta suka tafi da ita. Ban ga laifinsu ba, sun yi haƙuri iya haƙuri. Hajiya Turai ta karɓi maganin Ya Aisa ta sa a nata firij, safe da yamma ana miƙo shi ta kan katanga. Da a haka aka tsaya da ban ɗauki alƙalami ba.

Amma Alhaji ya kasa jure allon nan. Ya cire shi, ma'aikatanku suka dawo da sabo mai girma, suka ce wasu marasa kishi ne suka sace na farko. Yana da gida a sabuwar unguwa can bayan gari, ya gina shi da daɗewa amma ya ƙi tarewa, yana cewa shi a lungun nan aka yanke masa cibi kuma daga nan za a ɗauke shi. Allonku ya yi abin da 'ya'yansa suka yi shekaru suna roƙo bai yi ba. Ya kwashe iyali da kaya, har da firij da faifan sola, ya sa kwaɗo. Ranar tafiya Hajiya Turai ta shigo tana kuka ta tambayi yadda za a yi da magani. Ya Aisa ta ce mata kada ta damu, an kusa dawo mana da wuta, magana ta riga ta yi nisa. Babu wata magana, ranka ya daɗe. Ba ta so aminiyarta ta tafi da nauyi a zuciya ne kawai.

Yanzu gidan da kuka biya wa wutar shekara yana kulle ba kowa a ciki. An manta ba a kashe ƙwan fitilar ƙofar soro ba, duk lokacin da aka kawo wuta sai ya kama, ko da rana tsaka, yana haska allonku. Ni ne nake zaune ina kallonsa daga wurin sana'ata. Wani ya ba ni shawara in ja waya ta kan katanga. Na faɗa wa Ya Aisa, ta ce wutar da aka bayar da sunan wani ba halalinmu ba ce, ba za ta sa maganinta a sanyin sata ba.

Na shida, kuma shi ne na ƙarshe.

Maganin yana cikin gwangwani, gwangwanin yana cikin leda, an binne shi a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. In na yi ciniki nakan sayo ƙanƙara a ɗora, ta narke kafin a yi la'asar. Kuma ga bazara ta shigo. Ma'aikaciyar asibiti ta ce zafi yana kashe ƙarfin maganin a hankali, mutum ya yi ta allura yana zaton magani yana masa aiki. Sugan Ya Aisa ya hau ya ƙi sauka. Akwai wani ɗan ciwo a babban yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa, tana rufe shi da safa a wannan zafin don kada in gani, ni kuma ina yin kamar ban gani ba don kada ta ji kunya. A nan ba zan yi maka wasa da magana ba. Tsoro nake ji. Matar nan ita ce uwata, ita ce ubana, kuma ban iya komai ba sai wanke hular mutane.

Na ji a rediyo cewa za ku yi zagaye na biyu da zarar kun kammala bikin nasarar zagayen farko. Ita ma Ya Aisa ta ji. Ta sayi 'yar tsakuwar kaza tana kiwo da ɗan tsakin hatsin da ya kamata ya shiga tukunyarmu, ta ce kafin baƙin su dawo ta isa yanka. Jiya ta tambaye ni wa zai ara mana kafet yanzu da Turai ta tashi. Ba ta san na rubuta wannan takarda ba. Abin da ta yi rayuwarta tana rufewa ni na kwance shi yau a bainar jama'a, kuma in ta ji za ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba. Na yarda da hakan, in dai tana nan da ranta tana fushin.

Saboda haka ga roƙona, ina durƙushe. Ku zo, kuma kada ku aiko. Kada ku gaya wa mai unguwa, don shi ma ɗan birni ne, zai raɗa mana. In kun yi sallama za ta ce ku ɗan tsaya a soro tana zuwa, kada ku tsaya, don a 'yan mintunan nan za ta iya mayar da kango fada. Kada ku ci komai. Kada ku tambaye ta komai. Ku wuce kai tsaye gindin randa ku tona yashi, ku ce ta cire safa. Kuma ku yi sauri, kada ku jira bikin.

In kuwa ayyuka sun yi muku yawa har kuka makara, akwai yiwuwar ku tarar da lungunmu cike da motoci, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi sababbi tun daga bakin titi har ƙofar gidanmu. Za ku ga kwanukan abinci suna shigowa daga kowane gida, za ku ji ƙamshin turare, za ku ga manyan mutane da manyan riguna, har da Alhaji Mikail. Kafet ɗin nan ma na san Hajiya Turai za ta sa a kawo shi tun daga bayan gari. Ni za ku gan ni a zaune a kansa, mutane suna zuwa suna miƙa min hannu ɗaya bayan ɗaya. Don girman Allah, ranar ku gaya wa Malam Abdulhakeem kada ya ɗauki hoto, kada kuma ya rubuta cewa muna cikin wadata. Duk na aro ne, bayan kwana uku za a mayar.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa ofishinka sanyi, ya sa kada wutarsa ta taɓa ɗaukewa.

Naka mai biyayya, wanda har gobe yake sa ku a addu'a,

Umar Modu,
Mai wankin hula,
Gidan da ke jikin gida mai allo ruwan ɗorawa,
Soron Ɗinki, cikin birnin Kano.